Keken ɗinki shida, mai shi ɗaya

Laraba da dare, Titirou

Yau patoro, maigidan shagonmu, ya sake ɗage liberasiyona, bikin yaye ni daga koyon ɗinki, karo na uku. Wai sai bayan Sallah, aiki ya yi yawa. To wa ke yin aikin? Shekara biyar ina taka masa keke kyauta, ƙafata har ta kumbura, shi kuwa rabonsa da zare da allura tun ban fara gemu ba. Jiya wani alhajin Djougou ya yaba masa kan babbar rigar da ni na ɗinka, ya washe baki ya karɓi yabon.

Yau dai na kasa haƙuri. Na ce masa, “Patoro, kekunan nan shida hakkin masu taka su ne, mu mallake su tare, mu raba abin da ya shigo.” Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kwamared, littattafan gwanjon nan sun taɓa maka kai. Je ka sayi naka!” Da me zan saya, da gumin da ya shanye?

Abin da ya fi ƙona min rai, abokan aikina duk suka sunkuyar da kai. Har Iliya, wanda kullum yake zaginsa a bayan ido.

Amma bayan isha'i Iliya ya zo ƙofarmu. Ya ce innarsa tana da tsohon keke a unguwar Banikanni, abokan aikinmu Sani da Musa sun yarda mu gyara shi, ya zama namu mu huɗu, babu patoro. Ba takardar liberasiyo, ba shago, sai zaure.

Gobe ba zan share masa shago ba.