Na Ƙwace Jitar 'Yata, Yanzu Ni Ke Koyo a Ɓoye

Assalamu alaikum Anti mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ban san inda zan yanke ta ba. Abin da ya kawo ni zai iya ba ki dariya. Ni ma da wata ce ta ba ni labarin, da na dara. Shekarata hamsin da huɗu, tela ce ni, ina da ɗan shago a ƙasan benen da muke haya, kuma yau wata uku ke nan ina koyon kiɗan jita a ɓoye.

Jitar ba tawa ba ce, ta babbar 'yata ce. Tana ajin kusa da ƙarshe a sakandare ƙanen babanta ya kawo mata ita tsaraba, wani malaminsu kuma yana koya musu bayan an tashi. Zango ɗaya sakamakonta ya yi ƙasa a lissafi da kimiyya, hankalina ya tashi. Na zuge jitar a jakarta, na haɗa da littafin da take rubuta darussan, na ɗora a saman kabad ɗin ɗakina, na ce sai ta gama makaranta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba, to kawai ta ce. Ta gama, ta karanci haɗa magunguna, yanzu tana aiki a wani gari, tafiyar yini guda a mota. Ba ta sake tambayar jitar ba, ni ma ban sake ɗago maganar ba. Shekara tara ke nan.

To kwanakin baya rufin ɗakin ya fara yoyo, masu gyara suka zo, dole aka janye kabad. Jakar ta sauko ta yi butu-butu da ƙura. Niyyata in goge in mayar, sai na ce bari in leƙa littafin.

Anti, mu teloli muna da wata cuta: in muka ga zane, ba mu da sukuni sai mun san abin da yake nufi. Shafin farko 'yan akwatuna ne masu layi shida-shida, da ɗigo baƙaƙe, da lambobi. Na zauna a bakin gado ina juya littafin sama da ƙasa. Can sai na gano layukan su ne tsirkiyoyin jitar, ɗigon shi ne inda ake danna yatsa, lambar kuma tana faɗa maka wane yatsa. Na danna, na kaɗa. Ƙarar da ta fito sai da kyanwarmu ta bar ɗakin. Amma daɗin da na ji na gane zanen nan, rabon da in ji irinsa tun ranar da na fara yanka hannun riga ya zauna daidai.

Tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa, don haka na kai ta shagon masu sayar da kayan kiɗa. Mai shagon dattijo ne mai rataye tabarau a wuya. Ya canza min su, ya sa min wata manhaja a waya da ke nuna ko tsirkiya ta ɗauru daidai. Da ya tambaye ni wa zai koya, kunya ta sa na ce jikana. Alhali ko jika ɗaya ba ni da shi. Sai ya sayar min da littafin yara mai sheƙi, da hoton zomo riƙe da jita a bango.

Yanzu ga ni da malamai uku, kuma ba sa ga maciji da juna. Littafin zomo ya ce sai na fara koyon karanta rubutun kiɗa, waɗannan baƙaƙen masu kama da tururuwa a kan layi biyar. Bidiyon waya kuwa samari ne masu yatsu kamar walƙiya, kowa na rantsuwa zai koya min a kwana bakwai. Wannan ya ce babban yatsa ya ɓuya a bayan wuyan jitar, wancan ya ce a'a, ya leƙo ta sama. Wannan ya ce a kaɗa da ɗan roba, wancan ya ce da yatsa. Littafin 'yata kuma bai damu da duk wannan ba: kamu biyu kawai ya ba ni, wato yadda ake jera yatsu a danne, ya ce in yi ta sauyawa tsakaninsu har mako biyu. Wa zan bi? Dole ne sai na iya karanta tururuwan nan? Me ya sa tsirkiya ta uku take min zizar ƙuda ko na danna da ƙarfi? Kuma abin haushi, shekara talatin allura na yi min kanta a yatsu, ashe duk a hannun dama ta taru, jita kuma hagu take ci.

Da rana nake yi. Ƙarfe ɗaya in rufe shago, in ce na hau cin abinci, in kulle ɗaki. Ran nan baban yara ya dawo ɗaukar makullin da ya manta, ya same ni dumu-dumu. Ya daɗe a tsaye a ƙofa, sannan ya ce na riƙe jitar kamar mai auna yadi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma washegari na tarar ya ajiye min ɗan benci na ɗora ƙafa a gefen gadon. Shi kaɗai ya sani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sakat. A gefen kowane shafi yarinyar nan tana rubuta kwanan wata da 'yar magana. Wani wurin ta ce yatsunta na zafi amma ta sauya kamu sau goma ba tsayawa. Wani wurin ta ce Mama ta hau sama da wuri, minti goma kawai ta samu. Wani wurin kuma, da manyan baƙaƙe, ta ce Mama na da ɗinkin gaggawa, ta samu awa biyu cur. Anti, ashe tun kafin in ƙwace, kunnenta na kan matakala tana sauraron takuna. Ban taɓa zama na ji ta kaɗa ko sau ɗaya ba. Ban san ko ta iya ba. Yau ga ni a ɗaki ɗaya bayan nata, ni ma kunnena na kan matakalar.

Na bi littafin har shafi na goma sha bakwai, nan na cije. A shafin akwai kibiyoyi masu kallon sama da ƙasa, wasu ta zagaye su, wasu ta sa musu tauraro, a wuri biyu kuma ta rubuta “sh”. Na duba littafin zomo kaf, babu. Na nuna wa mai shagon, ya ce kibiyoyin dai kaɗawa ce sama da ƙasa, amma zagayen da tauraron da “sh” ɗin ƙirƙirar mai littafin ce, ita kaɗai ta sani. Daga wannan shafin sauran duk farare ne. Kwanan watan da ke jiki kuwa, makon da na ɗora jitar a kan kabad ne.

Tana kirana duk Lahadi. Ba ta taɓa min rashin kunya ba, maganin gwiwata ma ita ke aiko min. Amma minti biyar muke yi: ya gida, ya aiki, kina shan maganin, a gaida Baba. Sau uku ina buɗe baki zan tambaye ta me tauraron nan yake nufi, sai in ji na ce ya zafi a wajenku.

Ina tsoron ta ce sai yanzu? Na fi tsoron ta ce ta manta. Baban yara ya ce in kira ta kawai. Wata zuciyar ta ce in tsallake shafin in bi zomo, in bar abin da ya wuce. Kuma har yanzu ban san ko laifi na yi ba, tunda ga shi ta zama abin da ta zama. Amma wallahi ina son in ji yadda shafin nan yake a kunne. Ki ba ni shawara.

Taki,
Tela mai son sani

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa Tela,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, musamman wajen jikan da babu shi. Amma kafin in kai ƙarshen wasiƙar dariyar ta tsaya. Tambaya biyu kika yi min a riga guda, bari in fara da mai sauƙin.

Ni ban iya jita ba, don haka na kai wasiƙarki wajen wata ƙawata da ta shekara ashirin tana koyar da ita. Ga abin da ta ce. Ki bi malami ɗaya, kuma littafin 'yarki ne malamin, tunda shi ya kawo ki shafi na goma sha bakwai. Tsarinsa na kamu biyu-biyu shi ne yadda ita ma take fara wa manya. Rubutun kiɗa yana da amfani, amma ba dole ba ne a farko, ki ajiye zomo sai gaba. A bidiyo ki zaɓi mutum ɗaya mai yi a hankali, ki rage gudun bidiyon, ki kalli hannunsa kawai. Duk wanda ya ce kwana bakwai, ki wuce shi. Maganar babban yatsa duka biyun ana yi, amma ki fara da shi a baya. Zizar nan kuma ba ƙarfi take so ba: ki yanke farcen hagu, ki danna da kan yatsa dab da ɗan ƙarfen da ke gaba, cikin waɗanda suka gitta wuyan jitar. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar hutu. Zafin fatar yatsa zai wuce, amma in wuyan hannu ya fara ciwo, ki tsaya ki gyara zama. Sannan ki koma ki faɗa wa mai shagon gaskiya, don ya zaɓa miki littafin manya. Ba ke ce ta farko mai furfura da ta shiga shagonsa ba.

Yanzu babbar maganar. Ba zan ce ke muguwar uwa ce ba. Kin ga sakamako ya faɗi, kin tsorata, kin yi abin da iyaye da yawa za su yi. Wataƙila ya taimaka wa karatunta, wataƙila da ta ci jarrabawar ko da jitar. Babu mai iya sani, kada ki ɓata kwanakinki a kan wannan. Inda nake ganin gyara shi ne nan: kin ce sai ta gama makaranta, ta gama, ba ki sauko da ita ba. Shirun da ta yi bai nuna ta manta ba. Yaro mai biyayya yakan jira ne a cika masa alkawari ba tare da ya roƙa ba.

Don haka ki kira ta, baban yara ya yi gaskiya. Amma kada ki fara da tauraro. In kika fara da shi, zai zama kin lallaɓa ta bayan gida don ki kauce wa ƙofar da ta dace. Ki aika mata cewa kina son ku yi magana ranar da ba ta aiki. Ki faɗa mata kin sauko da jitar, kin karanta littafinta har da abin da ta rubuta a gefe, don haƙƙinta ne ta san an karanta. Ki ce kin riƙe jitar fiye da yadda kika yi alkawari, ba ki kuma taɓa zama kin saurare ta ba, ta yafe miki. Kada ki bi bayan wannan da kalmar “amma”. Ki yi shiru ki bar ta ta yi magana, ko da shirun ya yi miki tsawo.

Ki shirya wa kowace amsa. Tana iya dariya, tana iya kuka, tana iya cewa ba komai Mama da muryar da kika san akwai komai. Tana iya cewa ta manta, kuma ya zama da gaske ta manta. In ta ji haushin yadda abin da aka hana ta ya zama abin nishaɗinki, tana da hujja, ki ba ta lokaci. Jitar kuma tata ce. Ki tambaye ta ko a aika mata, in ta ce e, ki aika da littafin duka, ke ki nemi taki. Kada ki ɗora mata zama malamarki sai in ita ta so.

Ko me ta ce, kada ki daina. Da son sanin zanen littafin 'yarki kika fara, amma wadda ke rufe shago ƙarfe ɗaya kullum wata uku, don kanta take yi yanzu, kuma babu abin kunya a ciki. In an gama maganar zuci, sai ki faɗa mata kina koyo, kin cije a shafi na goma sha bakwai. Ina kyautata zaton wannan kiran zai wuce minti biyar.

Allah ya sanyaya tsakaninku, ya ƙara wa yatsunki haƙuri, ya nuna miki ranar da za ta zauna ta kaɗa, ke kuma ki saurara har ƙarshe.

Taki,
Anti