Ku Maido da Ƙasar Bayan Shagon Alhaji Tukur

Zuwa ga Shugaban ma'aikatar binciken ƙasa da tsirrai, wadda ta turo jami'inta Illela da farar mota da cokali.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, har da halittun nan da kuke kiwo cikin kwalabe. Ranka shi daɗe, ni ne Ummaru Wanzami na bakin tashar Illela. Ba ka san ni ba, amma ƙasar da na ɗiba tana ofishinka. Na so in rubuto maka a asirce, to amma abin da ya same ni a bainar jama'a ya same ni, shi ya sa na bar wasiƙar a buɗe, mai karatu ya karanta wa marar karatu.

Bari in faɗi abin da ke ci mini rai tun da fari. Gidan Alhaji Tukur mai maganin ciyawa gidan askinmu ne na gado. Kakana ya yi wa ubansa askin suna, ubana ya yi masa, ni na yi wa 'ya'yansa kaf. Yanzu matar babban ɗansa tana da tsohon ciki, yau ko gobe, kuma na ji ana shirin kiran wani wanzami daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, ya aske jinjirin. In askar baƙo ta hau kan yaron nan, gidan ya fita hannuna, in kuwa gidan Alhaji ya fita, sauran gari binsa zai yi. Sanadin wannan duka ma'aikatarka ce.

Na ɗaya. A bazarar da ta wuce, jami'inka Malam Isiyaku ya zauna gabana ina gyara masa saje. Mutum mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tambaye ni ina ne a garin nan aka daɗe ana zubar da maganin ciyawa wuri guda. Ya yi mini bayani, na kuwa gane, don na yi ajin yaƙi da jahilci. Ya ce akwai ƙananan halittu cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Inda aka daɗe ana zuba guba, yawancinsu sukan mutu, wasu kuwa su saba, gubar ta zame musu kamar kunu. Wannan taurin rai a cikin gadonsu yake, 'ya'yansu ma da shi suke tasowa. Ku kuma so kuke ku zaro gadon nan ku dasa shi cikin irin wake ko masara, yadda in manomi ya yi feshi, harƙiya da ƙiri-ƙiri su ƙone, shuka ta tsaya ƙyam. Wallahi abin ya burge ni. Duk wanda ya taɓa wuni sunkuye da hauya ba zai ƙi wanga aiki ba.

Na ce masa ai ba inda ya kai bayan shagon Alhaji Tukur. Tun kafin soja su rufe iyaka, har suka gaji suka buɗe, can yake wanke gwangwanaye da abin feshi, ko tururuwa ba ta bi ta wurin. Sai dai Alhaji ba ya son ganin motar gwamnati kusa da shagonsa, saboda dalilan da ba na wasiƙa ba ne. Shi ke nan Malam Isiyaku ya miƙo mini cokali da kwalba, ya ce in taimaka wa ƙasa. Ni kuma da rawar kai na karɓa.

Na biyu. Ga umarnin da ya ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. In je da sassafe kafin rana ta busar da wurin. In zaɓi inda ya fi laima. Kada in taɓa da hannu. In rufe baki da hanci kada numfashina ya shiga. In toshe kwalbar, in rubuta sunan wurin a jikinta. To, inda ya fi laima shi ne inda Alhaji ke tsayawa ba takalmi in yana ɗauraye kaya, ga sawunsa nan ɓaro-ɓaro. Bokona ba ya gudu a kan kwalba, sai na rubuta da ajami. Wurin kuma ba shi da suna, sai na rubuta na mai shi.

Yallaɓai, ka rufe ido ka hango. Wanzami, da sanyin safiya, fuska naɗe da rawani, tsugune a kan sawun mutum, yana kwasa da cokali yana zubawa a kwalba, yana rubuta sunan mai sawun. Ko ni na ishe wani a haka ba zan tambaye shi ko bincike yake yi ba. Wadda ta gan ni kuwa Inna Dije ce mai ƙosai, kuma kafin man tuyarta ya yi zafi labarin ya ƙetare iyaka ba ko takardar shige da fice. Ashe duk karatun jami'anka ba wanda ya koya musu mi ake nufi da ɗibar sawun mutum a ƙasar Hausa? Za ka ce ni fa, da na sani? Ni hankalina yana kan halittu, ban ga sawun ba sai da na ga idon Inna Dije.

Na uku. Damina na faɗuwa ƙafar Alhaji ta kumbura, kuma don tsautsayi, ita dai wadda na ɗibi sawunta. Kurkunu ne, jama'a! Mutanen Garu da Darna nawa ke ɗingishi da shi duk damina, ba wanda ya ce musu sammu ne? Amma na Alhaji, a'a, wannan aikin Ummaru ne. Da, in ya fito masa, ni ke yi masa sakiya. Bana ko zaurensa an hana ni leƙawa. Mutumin da muka sha kaciya rana ɗaya a hannun ubana, muka yi kuka tare. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Na huɗu. Liman ya kira ni zaurensa in wanke kaina gaban dattawa. Na maimaita bayanin Malam Isiyaku tiryan-tiryan. Liman ya saurara da kyau, sannan ya ce bari ya tabbatar ya gane: halitta ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin ƙasa, guba ba ta kashe ta, ana kama ta a kwalba a kai ta nesa ta yi wa ɗan Adam aiki? Na ce ƙwarai kuwa, Allah shi gafarta malam. Zaure ya ɗauki a'uzubillahi. Wani ya tambaya mi ake ba su su ci. Da na yi shiru da ya fi, amma gaskiya ta ja ni, na ce na ji ana dafa musu romon nama. Sai wani tsoho daga baya ya tambaya ko na baƙin bunsuru ne. Na shiga da tuhuma ɗaya, na fito da biyu.

Na biyar. Sana'ar wanzami amana ce. Mutum ya miƙa maka wuyansa, ya bar maka gashinsa, ya tafi bai waiwaya ba. Yanzu wanda ya daure ya zo, da ƙoƙo yake zuwa, ya tsince gashinsa tas ya tafi da abinsa. Masu canjin sefa da ke cika mini tabarma sun koma wurin na Ƙonni, mutumin da ke aski da reza yana cewa "wi, wi". Masu wucewa ta gaban rumfata kuwa jan ƙafa suke yi don kada su bar sawu. Har ladani, da ni na cire masa beli yana jinjiri na wata biyu... a'a, ubana ne ya cire, amma ina riƙe da ƙoƙon, har shi ma jan ƙafar yake.

Na shida, kuma a nan ne nake so ka gyara zama. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na aika wa Malam Isiyaku saƙo ta hannun direbobi, ya zo ya cece ni. Ran Lahadi, kasuwa ta cika, tasha ba masaka tsinke, sai ga direba ya dire kwali gabana. Ya ɗaga murya, don shi bai iya magana a hankali ba, ya ce mutanena na godiya, sun sami abin da suke nema cikin waccan ƙasar, wai in ƙaro daga wurare dabam-dabam. Gindin kwalin ya yage, kwalabe suka gangaro, sababbi fil, kowace da farar takarda manne tana jiran suna. Ko 'yan kwastan ba su taɓa watsa tashar Illela haka ba. Tun daga ranar kowa zullumi yake, wace ce tasa.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ba kuɗi nake nema ba. Ina roƙon ka turo Malam Isiyaku kafin matar nan ta sauka, ya taho da madubin da kuke ganin halittun da shi, Liman ya sa idonsa da kansa, don gani ya kori ji. Ya kuma taho da ƙasar. Ku cire abin da za ku cire, ku riƙe, Allah shi sa albarka, amma ragowar a maido ta a zuba inda aka ɗebe ta, da rana tsaka, Inna Dije na tsaye. Kwalabenku kuma a zo a kwashe, suna ƙarƙashin gadona, uwargida ta ƙaura daga ɗakin. Nan gaba in za ku ɗibi ƙasa a ƙofar wani, ku yi sallama da mai ƙofar tukuna.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ku nasara a kan ciyawa, shi hutar da bayan talaka, shi tsare ka da yin abin kirki a gaban mai ƙosai.

Abu ɗaya ya hana ni naɗe zabirata in bar garin nan. Ran Juma'a na hango Alhaji a sahun gaba, ƙafa a miƙe. Da ya yi sujada hularsa ta zame, sai ga suma buzu-buzu, fara fat, har ta rufe masa kunne. Tun da muke ban taɓa barin kan nan ya wuce mako biyu ba. Na Ƙonni yana shiga gidansa, ya aske 'ya'ya, ya aske barori, amma Alhaji bai ba shi kansa ba. Ba ya yi mini magana, ba ya amsa gaisuwata, amma ya bar mini kan. Don Allah ku hanzarta, mutumin nan yana shan zafi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ummaru Wanzami,
Bakin Tasha, Illela.