Matar da Aka Zaunar a Ƙofata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Bari in ba ki dariya. Wasu baƙi masu shirin talabijin daga waje sun ari gidana, wai za su nuna wa mutanensu yadda muke rayuwa. Ni da rawar kai har sabon labule na rataya. Suna zuwa suka cire shi. Suka fitar da firji da kujeru, suka shafe bango da laka, wani ya zana masa tsaga da buroshi kamar gaske. Har ruwan sukari suka yayyafa a bakin ƙofa don ƙudaje su taru. Da suka ƙare min kallo sai suka ce na yi ƙiba, ban dace da gidan ba. Gidana fa, Yaya! Wata ramammiyar mata suka kawo suka zaunar a ƙofar ɗakina. Har aka gama ni kawai take kallo. Sun dai mayar min da kayana, sun yi sabon fenti.

A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwar ta lafa. Ni kam lafiyar jiki ce kawai.

An nuna shirin a ƙasar da 'yar nan tawa take aikin jinya, ta kuma gani. Ta kira ni ta bidiyo tana kuka, tana tambayar me ya sa na ɓoye mata halin da nake ciki. Na yi dariya, na juya wayar na nuna mata firji da fanka da farin bango. Ta ce ita laka take gani, da tsaga a bayana. Na ɗauka wasa ne, sai ta shiga ba ni labarin yarintarta: wai tana tuna yadda take ɗebo mana ruwa a kwata, da yadda muke kwana da yunwa. Yaya, ke shaida ce, famfon nan ya girme ta. Yarinyar da sai na bi ta da bulala take cinye abincinta!

Abokan aikinta har sun tara min tsofaffin kaya. Na roƙe ta ta zo ta gani da idonta, tunda gani ya kori ji. Tsoro nake ji kada in rasa 'yata ina raye. Ki taya ni da addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fata kun tashi lafiya.

Ta zo jiya da hantsi. Na ci ado na tsaya a bakin get, hannuna a buɗe. Ta gaishe ni da ladabi, ta wuce. A falo ta riƙa sunkuyar da kai kamar rufin zai taɓa ta, tana kore ƙudaje da mayafi, alhali ko ɗaya babu. Ta yi karo da kujera, ta kalli wurin da mamaki, ta ratse. Da ta kai ƙofar ɗakina sai ta durƙusa a kan tayil, ta rungumi iska, tana kiran Mama, tana neman gafara don ta bar ta a haka.

Na dafa kafaɗarta, na kira ta da sunan da ni kaɗai nake kiranta da shi. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, babu alamar sani. Ta tambaye ni ko ina cikin ma'aikatan agajin da ke kula da mahaifiyarta. Na kawo hotunanmu, ta ce ba ta san mutanen ciki ba. Na dafa abin da ta fi so, ta ajiye kwanon a ƙasa a ƙofar ɗakin, ta zauna tana lallashin wadda ba na gani ta ci.

Ɗazu ta tafi. Kafin ta shiga mota ta riƙe hannuna biyu, ta yi min godiya, ta ce ta bar min amanar uwarta, don Allah kada in bari ta mutu ita kaɗai. Yaya, na ce mata to.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta