Wai Ni Ne Magabcin Almasihu

Zuwa ga Iya Tabawa,

Iya, ki agaza mini don girman Allah. Abin da ya same ni, duk wanda na faɗa wa sai ya riƙe ciki don dariya, ni kuwa ya hana ni jin daɗin tuwo. Ke ma na san za ki yi dariyar. Yi abinki, amma in kin gama ki ba ni shawara.

Ni mutumin Tasawa ne, amma na daɗe a Agadas, nan na yi aure, nan aka haifi ƴaƴana. Sana'ata awon hatsi a kasuwa. Ido ɗaya gare ni, ƙyanda ta tafi da na dama tun ina goye. Tun ina yaro ake tsokanata da Dujal, har abin ya bar yi mini zafi.

Maƙwabcina Yahaya Kirista ne, mutumin wajen Maradi, makaniken kamyo, manyan motocin kayan nan masu bin hanyar Arlit. Katangar da ke tsakaninmu ko akuya tana tsallake ta. In na yi layya cinya guda tasa ce, in Nowel ta zo, wato Kirsimeti, shinkafarsu sai ta ishe mu har kashegari. Matata Hauwa da matarsa Salamatu turmi ɗaya suke daka. Ƴar autarsa Fulera kuwa, ni take ce wa Baba, shi kuma ta ce masa Yahaya, don da sunan ta ji ina kiransa.

Kin san halin da muke ciki bana. Sama ta ƙi, garakan Dabaga sun bushe, hanyar Aderbissinat duk mushe ne, makiyaya sun zubo gefen gari ba su da ko ɗan akuya. Cikin haka wani baƙo mai wa'azi, daga ƙasashen bakin teku, motar da ya shigo ta lalace a nan. Yahaya ya sauke shi a gidansa har aka gama gyara. Ban san me ya zuba masa a kunne ba. Baƙo dai ya wuce, ya bar mana wani Yahaya daban.

Kullum da la'asar sai ya zo da littafinsu ya zauna kan tabarmata yana yi mini bayani. Wai an rubuta cewa gab da tashin duniya za a yi yunwa da yaƙe-yaƙe, sannan wani babban maƙiyi ya bayyana, Magabcin Almasihu, ya mallaki duniya, ya ruɗi mutane. Zai sa wa kowa alama a hannun dama ko a goshi, wanda duk ba shi da ita ba saye ba sayarwa. Bayan nan Almasihu ya dawo ya hallaka shi. Ya nuna mini yunwa, ya nuna mini soji da bindigoginsu, ya ce saura mutumin kawai.

Sai ya shiga neman mutumin. Da fari ya ce wani dogon Bature ne mai gemu da ke yawo yana auna duwatsu. Bature ya kamu da zawo aka kwashe shi a jirgi, Yahaya ya ce to ba shi ba ne. Ya koma kan patoron garajinsu, wato maigidansa, don ya hana shi hutun Lahadi. Ni dai ina ta dariya ina zuga shi. Har rannan bakina ya ja mini, na ce ai mu ma muna da namu, Dujal, kuma malamai sun ce bayan shekarun fari zai fito, da tulin abinci kamar dutse, wanda ya bi shi ya ci, kuma ido ɗaya gare shi. Muka yi dariya tare. Wallahi, Iya, har da tafawa.

Ba a jima ba jar dawar taimako ta iso. Sarjan ɗin da aka ɗora wa rabon unguwarmu ya ce wa mai unguwa a samo masa wanda ya iya riƙe tiya. Mai unguwa ya nuno ni. Kin san a wannan zamani in mai kaki ya ce zo, ba a tambayarsa ina. Aka zaunar da ni gaban buhuna jibge har sun fi ni tsawo. Don kada wani ya karɓa sau biyu, sarjan ya kawo wata shuɗiyar tawada mai naci, ya ce duk wanda na auna wa in ɗiga masa a bayan hannun dama.

Ranar da Yahaya ya shigo layi da buhunsa, wata tsohuwa Ba'abziniya ce a gabansa. Hannuwanta sun rine da shunin turkuɗi, na ɗiga tawada, ko alama ba ta fito ba. Sarjan ya daka tsawa ya ce in sa mata a goshi. Na sa. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da Yahaya. Ya dubi goshin tsohuwa, ya dubi tulin buhuna, ya dubi idona. Sai ya saki buhunsa a ƙasa ya ja da baya da baya, har ya taka wani makaho.

Tun daga ranar ko sallamata ba ya amsawa. Ya kwaɓa ƙasa ya ƙara wa katangar nan tsawo, shi da ya ƙi gyara rufin ɗakinsa wai duniya ta kusa tashi. Ya hana iyalinsa zuwa wurin rabo. Na aika da dawa daga rabona, ta dawo. Garaji kuwa babu aiki, motoci sun tsaya.

Na bi shi har can na ce, haba Yahaya, wane irin mai mulkin duniya ne zai riƙa aron famfon kekenka? Ya ce shi bai ce lalle ni ne ba, amma shi ma wancan in ya zo ai ba zai ce shi ne ba. Na tuna masa zaman da muka yi da alherin da ke tsakaninmu. Sai hawaye suka zubo masa, ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, don an ce da fuskar masoyi zai zo. Kin ga inda na shiga: in na yi masa kirki, shaida ce, in na yi fushi, ya ce halin ya fara fitowa.

Nan dariya ta ƙare, Iya. Salamatu tana da tsohon ciki. Hauwa tana miƙa mata ƙwaryar kunu ta bayan gida in ba ya nan, amma ita ma baiwar Allah sha take tana kuka, ba ta san ko ta saɓa wa miji ba ne ko ta saɓa wa Ubangiji. Shekaranjiya na hangi Fulera a ƙofar gida, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Ta taso za ta zo wurina, aka kira ta daga ciki. Fastonsu, wanda zai iya yi masa magana, ya tafi Damagaram jinyar mahaifiyarsa.

Hauwa ta ce in ajiye aikin. In ajiye in gaya wa sarjan me? Wani ya ce in saci ido in auna musu ba tawada, amma sarjan a kaina yake tsaye kamar inuwa. Wani lokaci zuciya takan ce in kwashe iyalina in bar masa unguwar. Kuma kada in ɓoye miki, da maganar ta yi yawa sai da na ari madubin Hauwa na duba goshina da kyau, har na je wurin limaminmu na tambaye shi ko mutum yana iya zama Dujal bai sani ba. Ya kore ni da carbi.

Yaya zan yi, Iya?

Naki,
Mai Tiya, Agadas

*

Ɗana Mai Tiya,

Na yi dariyar, har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Da na iso kan wuyan Fulera na daina.

Fara da kwantar da ranka, ka mayar wa Hauwa madubinta. Wanda sarjan ɗaya ya hana shi sakat bai kama hanyar mallakar duniya ba.

Ni ba malamar addinin Kirista ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin wata maƙwabciyata, dattijuwa a eglizinsu, wato cocinsu. Ta ce abin da Yahaya ya gaya maka yana nan a littafinsu, bai ƙirƙira ba, kuma Kiristoci da yawa suna jiran wannan rana da gaske. Sai dai baƙon nan rabin magana ya bar masa. Ta ce alamar da ake faɗa ta wanda ya yarda ya yi wa maƙiyin sujada ce, ya juya wa imaninsa baya. Kai ka taɓa cewa wani ya rusuna maka kafin ka auna masa? Ta ce kuma an gaya musu ba wanda ya san ranar, an hore su kowa ya ci gaba da aikinsa, ya ciyar da gidansa. Malamansu ma ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba, balle makanike.

Amma kada ka ɗauki Yahaya mahaukaci. Mutum ne da ya saba ci da guminsa, yau ga shi a layi da buhu, kuma wanda zai miƙa wa hannu abokin wasansa ne. Wannan da ciwo. Ya fi masa sauƙi ya ce imani ya hana shi karɓa da ya ce kunya. Tsoron nasa na gaske ne, kunyar ma ta gaske ce, sun cuɗe har shi kansa ba zai iya raba su ba. Kai ma da naka: mutum yana rawar ɗari da abin da ya gaskata, kai kana yi masa kiɗa. Ka ga inda wasan ya kai ku.

Saboda haka ka bar musu da shi. Ba za ka ci shi da hujja ba, tunda duk abin da ya fito bakinka ya riga ya zama shaida. Ka nemi direban da zai yi Damagaram ya kai wa faston nan saƙo cewa tunkiyarsa guda ta shiga ƙaya. Kafin ya dawo, ai eglizin ba ta rasa dattawa ba. Ka je wurinsu da kanka, da ladabi, su za su zauna da shi su karanta masa sauran rabin.

Kada ka auna ko ƙwaya a ɓoye, kada kuma ka ajiye aikin. In aka kulle ka, gida biyu ne za su kwana da yunwa. Ka bi ta wurin mai unguwa, shi ya san lokacin da fuskar sarjan take a sake. A roƙe shi ya yarda wani dattijon eglizi ya karɓar wa gidan Yahaya, ko a ɗiga tawadar a jikin buhu. Abin da ma ya fi: motocin da ke kawo dawar nan ba sa rabo da lalacewa a wannan hanya. A shaida wa sarjan akwai gwanin makanike zaune ba aiki. In Yahaya ya kwanta ƙarƙashin kamyo ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu aka ba shi dawa ladan aikinsa, ba na jin zai tsaya neman alama a jikinta.

Ƙwaryar Hauwa kuwa kada ta tsaya ko yini ɗaya. A gaya wa Salamatu, ni Tabawa na ce ba addinin da ya ɗora wa mai ciki laifi don ta sha kunu. Gobe-goben nan Hauwa ta raka ta wurin likita, su tafi da Fulera a duba ta. Wannan ba ya jiran fasto, ba ya jiran sarjan.

Batun tashi daga unguwa, cire shi daga ranka. Ka ci gaba da yi masa sallama ko bai amsa ba. Ran da ya sauko, zai sauko da kunya mai nauyi, to kada ka tare shi da dariya, kada ka ce ai na gaya maka. Matsa masa a tabarma kawai, ka tambaye shi ya aiki.

Kai kuma Yahaya, in an karanta maka wannan: ko duniya gobe za ta tashi, gara ta tarar da ƴarka a ƙoshe.

Allah ya sauki Salamatu lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya ba mu damina mai albarka.

Taku,
Iya Tabawa