Kitson da Hinnerk Ya Koya

Munich, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Wiebke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijin naki Malte da ban taɓa gani ba. Gwaggonki Gudrun ce ta ba ni adireshinki, bayan na yi wata biyu ina roƙo. Kin san halinta, sai ka durƙusa kafin ta miƙo maka gishiri. Ita ce kuma ta ce kina da ciki, haihuwa a watan Mayu. Da na ji, zama na yi a kan matakala ina dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo. Wai ni Ekkehard zan zama kaka!

Na san shekara ashirin da shida ke nan da na bar ku a Husum, kina 'yar shekara shida. Ba zan cika ki da surutu ba. Na daina shan giya, bana shekara ta huɗu. Kuma na rubuta fim na ban dariya, za a nuna shi a talabijin ranar Laraba da ƙarfe takwas da kwata. Labarin wani tuzuru ne, Bodo, dillalin tsofaffin motoci, wanda aka ajiye masa yarinya a ƙofa aka ce tasa ce. Ko ƙwai bai iya dafawa ba, amma ya koya. Dominki na rubuta shi. Ki kalla, ko da rabi ne.

Ki gaishe da mahaifiyarki idan za ta amsa.

Mahaifinki,
Ekkehard

*

Husum, 12 ga Maris

Ekkehard,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata lau. Ba zan kira ka Baba ba, akwai mai sunan, yana kwance a maƙabartar coci shekara biyu ke nan.

Mun kalla har ƙarshe, ni da Mama da Malte. Malte ya yi ta ƙyaƙyata dariya, sai da ya waiga ya ga fuskar Mama ya haɗiye sauran. Ita ko tun wajen kitson ta tashi ta shiga kicin, ta wanke kofunan da ta riga ta wanke.

Bodonka yana koyon kitso da igiya a wurin aiki, abokansa suna yi masa tsiya. Hinnerk ne ya yi wannan, mijin Mama, a ɗakin injin jirgin ruwan da ke kai motoci tsibiri, da igiyar ɗaure jirgi. Sati uku na yi ina zuwa makaranta kaina yana warin man inji. Bodonka ya ɗinka wa yarinya rigar kifi ta wasan makaranta, jelar ta ɓalle a gaban jama'a, ya hau dandamali da rarrafe ya riƙe ta har aka gama waƙa. Hinnerk ne. Wainar fulawar da ta kama da wuta, aka jefa ta taga ta faɗa cikin kwandon mai kawo wasiƙu, ita ma Hinnerk ne. Har maganar da yarinyar ta yi, wai "ba ka iya ba, amma ka fi jiya", tawa ce, ina da shekara takwas.

Ka san inda ka samo su. Wasiƙa sittin da ɗaya na rubuta maka, daga shekara bakwai zuwa sha huɗu. Ko ɗaya ba ka amsa ba. Mama takan ce ƙila adireshin ne ya canza, ni kuma na riƙe wannan magana har na girma, domin ta fi sauƙin ɗauka. Ranar Laraba ka ƙwace mini ita. Ashe suna isa. Ashe kana karantawa, har kana ajiyewa.

Abu biyu nake so. Ka dawo mini da wasiƙuna, duka. Kuma ka faɗi sunan Hinnerk Carstens inda mutane za su ji.

Ka huta lafiya.
Wiebke

*

Munich, 19 ga Maris

'Yata Wiebke,

Ina gaishe ki, da abin da ke cikinki. Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Kin iya rubutu, wannan kam ba wajen Hinnerk kika gado ba. Yi haƙuri, ba'a ce, ita kaɗai na iya.

Gaskiya ne, na karanta su duka, wasu a buge, wasu a warware. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami, amma me zan ce? Kowace wasiƙa Hinnerk ya yi kaza, Hinnerk ya gyara kekena, Hinnerk ya faɗa rami yana neman kyanwata. Na tsani mutumin nan, Wiebke, alhali bai yi mini komai ba sai aikina da ya ɗauka. Da na daina sha na buɗe kwalin da na tara wasiƙunki a ciki, sai na ga ina son in zama shi, ko da na minti tasa'in ne. Ban ɗauke shi sata ba. Marubuci da abin da ya tarar yake girki. Mutum miliyan huɗu suka kalla, wani har ya rubuto mini cewa bayan fim ɗin ya buga wa ɗansa waya, karo na farko cikin shekara tara. Wannan ba wani abu ba ne?

Amma na ji. Ranar Juma'a ta sama an gayyace ni hira a talabijin, a Cologne. Zan faɗi sunansa a gaban kowa, na yi miki alkawari. Gudrun za ta zo, zan ba ta kwalin ta kawo miki. Idan na cika, ki bar ni in zo Husum a watan Mayu. Ba sai na shiga gida ba. Ko daga bakin ƙofa a ɗago mini jaririn.

Ki kula da kanki.
Mahaifinki, ko Ekkehard, duk wanda kika ga dama

*

Flensburg, 1 ga Afrilu

Wiebke 'yar gidana,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau. Yaya nauyin jiki? Ki rage gishiri, ƙafafunki sun kumbura ranar da na gan ki. Malte ya ce mini kin ƙi kallon hirar, to ni zan ba ki labari, domin a layi na biyu nake zaune, ga ƙanen nawa nan a gabana cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa.

An fara lafiya. Sai mai gabatarwar ta dafa hannunsa ta ce, "Malam Sievertsen, gaya mana gaskiya, wannan kitso da igiya, kai ka yi shi?" Na ga ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya shirya. Jama'a kuwa sun riga sun fara dariya, suna jira. Sai ya ce, "Da igiyar labule na fara, har yau 'yata ba ta yafe mini ba." Ɗakin ya ɗauki tafi. Ya ƙara da wani labarin, suka ƙara tafi. Minti goma sha biyu ya yi, sunan Hinnerk bai fito ba.

Na same shi a baya, ana goge masa hodar fuska. Na ce wa yarinyar mai hodar ta ba mu wuri.

Na ce, "Ekke, ka ji kunya."

Ya ce, "Gudrun, bakina ne ya riga ni. Kin ji yadda suke dariya?"

Na ce, "Na ji. Tun kana ɗan shekara biyar kake sayar da mutane don a yi maka dariya. Ni ka fara sayarwa."

Ya ce zai gyara a wata hirar. Na ce masa mataccen ba ya sauri, mai cikin ce take sauri. Ya zauna ya yi kuka sosai, har da majina. Ban rarrashe shi ba, amma ban iya tafiya ba sai da ya gama. Ƙanena ne, ba ni na zaɓe shi ba.

Akwai abin da na ɓoye miki, yau zan faɗa, Allah Ya yafe mini jinkirin. Lokacin kina da shekara goma sha ɗaya, Hinnerk ya ce muku zai je sayo kayan inji a Hamburg. Munich ya je. Awa goma a jirgin ƙasa, mutumin da bai taɓa wuce kogin Elbe ba. Ya je ya roƙi ubanki ya rubuta miki ko layi biyu ne, har da katin da ya saya ya manna masa kan sarki. Ekke bai buɗe ƙofa ba. Hinnerk ya yi awa uku a kan matakala, sannan ya tura katin ta ƙarƙashin ƙofa ya kamo hanya. A gidana ya sauka ya ci dankali da kifi, ya sa na rantse ba zan gaya miki ba, wai kada ki tsani mahaifinki. Na tambayi Ekke me ya sa wannan bai shiga fim ba. Ya ce ba shi da ban dariya.

Kwalin yana wurina, zan kawo miki ranar Lahadi bayan coci, tare da kek ɗin tuffa. Katin ma yana ciki, ba a rubuta komai a kai ba.

Ki gaishe da mahaifiyarki Almut, ki ce mata ina nan tafe.
Gwaggonki Gudrun

*

Munich, 20 ga Afrilu

Wiebke,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Na san Gudrun ta gaya miki komai, kuma ba ta ƙara gishiri ba. Ban koma sha ba. Na tsaya gaban kantin giya na kusan awa ɗaya ranar hirar, amma ban shiga ba. Ina so ki san wannan.

Gidan talabijin suna son kashi na biyu, wai Bodo ya zama kaka. Takardar yarjejeniyar tana kan teburina kwana tara, ban sa hannu ba. Idan kin ce in yaga, zan yaga. Idan kin ce in yi, zan sa sunan Hinnerk a farko da manyan baƙaƙe. Ki faɗa mini abin da zan yi, ni ban iya sanin daidai da kaina ba.

Ki sauka lafiya.
Ekkehard

*

Husum, 17 ga Mayu

Ekkehard,

Na amsa gaisuwa. Na sauka ranar Talata da safe, mace, lafiyarta lau, ni ma haka. Na rubuto ne don ka ji daga gare ni.

Takardarka kuwa, ka sa hannu ko ka yaga, wannan tsakaninka da ita ne. Ina da yarinya guda da zan koya wa daidai, ba zan haɗa da kai ba. Kada ka zo Husum. Idan na canza ra'ayi wata rana, na san adireshin, yanzu na tabbata yana aiki.

Ban sa hoto ba, kuma na roƙi Gwaggo kada ta gaya maka sunanta. Ba na so in tsince shi a talabijin.

Ka zauna lafiya.
Wiebke