Naman da Ya Manta Gudu

Zuwa ga marigayi Yaya Audu, maharbin Kagoro.

Gaisuwa da ban girma, irin ta ƙane ga wansa. Wani maƙwabcinmu ɗan Nijar a nan Manassas ke riƙe mini alƙalami, na kuwa ja masa kunne kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Yaya, ɗana Bitrus so yake in zauna Amurka har mutuwa. Na ce masa ƙasar da babu daji ba ta riƙe ni. Ran Asabar sai ya naɗe ni da riguna kamar mai jego, ya tuƙa ni zuwa duwatsunsu, wai in ga daji.

Da ka ga abin da suke ce wa daji, da ka tofar da yawu. Kwalta har ƙolin dutse, ga wurin ajiye mota, ga bayan gida. Ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat, sawun kowace dabba a fili, ko makaho ya bi. Na tuna yadda ka sha ranƙwashina kafin in iya gane sawu a kan tsandauri.

Can muka iske Turawa, manya da furfurarsu, kowa da madubin hangen nesa a wuya, sun yi tsit kamar fasto na addu'a. Me ake kallo? Wani jan tsuntsu mai tukku, bai kai loma ba. Talotalon daji suka gifta, ƙiba kamar tumaki, ba wanda ya ko duƙa neman dutse.

Sai ga barewarsu mai farar wutsiya. Wata tsohuwa ta sa Bitrus ya tambaye ni me muke ce wa irinta a gida. Na ce nama. Shi kuma da rawar kai ya fassara mata da abin da ake sawa a miya. Fuskoki suka ɓaci. Ɗan da na haifa ya shiga ba su haƙuri, wai tsoho ne, bai yi boko ba.

Kai ka san nama ba zagi ba ne. Kai ne mai cewa, “Naman da bai wahalar da kai ba, bai cancanci kibiyarka ba.” Gudunsa shi ne girmansa.

Wannan kuwa ba ta gudu ba, Yaya. Ta tako har jikin motarmu tana lasar gishirin da suke zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara, ana ta ɗaukar ta hoto. Ta dube ni, na kau da kai don kunya. Haka abokan Bitrus ke zuwa bayan coci, a sa mini babbar riga, in yi musu kirarin farauta, su tafa, a miƙo mini shayi.

A hanyar dawowa na ce masa ya nemo mini tikitin komawa gida kafin damina. Ya ja mota gefe ya yi kuka. Yaron kirki ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, kuma zan yi kewarsa. Amma ban janye ba.

Na san ƙafata ba ta hawa dutsen Kagoro yanzu, idona ma ya dushe. Ba komai. In zauna a gindinsa in ji ana koro nama ya ishe ni, in lokaci ya yi kuma a kwantar da ni kusa da kai. Ka ɗan matsa mini.

Ubangiji ya ƙara maka hutawa, ya sanyaya zuciyar Bitrus, ya kai ni gida da ƙafafuna.

Naka ƙane, mai ɗaukar maka kwari,
Danladi