Koren Ƙyallen Malam Bawa

Jega, daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau na karɓo ƙyallen sanarwar saukar ɗalibaina. Kore shar na nema, sai ya fito kamar ganyen albasar da ta sha rana. Mai bugawa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, tawada huɗu injin ka haɗawa, ba su ba da wanga kore."

To, na Malam Bawa na Aliero fa? Yana rataye bakin tasha yana walƙiya, har matafiyan Maiyama na tsayawa karantawa. Walimarmu rana ɗaya ce, ina tsoron can jama'a za su nufa. Ni fa na koya masa nahawu!

Na daɗe ina gargaɗin mutane kan hassada, don haka na yi istigfari. Amma gobe zan aika a tambayo mini inda aka buga nasa.